Ƙusa a Jirgin Surukina

Ku samarin yanzu kuna ba ni haushi, gara in faɗa muku tun da wuri. Mutum ya tsallaka Gaya ko ya gangara Faraku, ya sayo mashin ɗin hannu irin na masu walda, ya kwance murfin da aka yi masa don tsaro, ya ɗaura masa faifan zarto, ya dawo ya share wani lungu a tsakar gidan ubansa, shi ke nan wai ya zama kafinta. Kwanan nan na wuce wani gida a bayan tashar manyan motoci, na tarar da ɗaya daga cikinku yana tsaga katako, hannun riga na reto kusa da faifai, tabarau kuma na bisa goshi kamar goshin ne ke gani. Matarsa na tankaɗe a gefe. Maƙwabcinsa na zaune a benci yana hura wutar shayi, fuskarsa daidai inda mashin ke feso gari. Da na yi magana sai mai aikin ya ce mini, "Baba, aikin ga ba wuya garai, cikin waya na gane shi." Cikin waya! To, ku gyara zama in ba ku wanda ba ya cikin waya.

Sunana Garba. Na koyi kafinta a hannun Maigida Hamani, wani Bazabarme da ya tsallako daga Nijar ya kafa rumfa a bakin babbar kasuwar Malanville tun ana aiki da hannu zalla. Kayanmu zarto ne, da gizago, da kurfi, da guduma, da magagari, sai dutsen washi da ke jiƙe a cikin wata tsohuwar tasa. Aikin farko da ya bari na taɓa ƙofar rumfar wani mai albasa ce. Na ɗaga gizago zan sara, sai na ji sanda a ƙwaurina. Maigida ya ce, "Ina sassaƙen za shi tahi?" Na duba, ashe na fuskanci abokin koyona Sumana, wanda ke durƙushe yana washin kurfi. Maigida ya juya ni na fuskanci bango, ya ce duk ranar da ya sake ganin na sari itace da mutum a gabana, in tattara takalmana in koma gidanmu. Bai koya mini riƙon gizago ba sai da na iya duba inda ɓarɓashi zai faɗa.

Dokokinsa ba su da yawa, amma ba ya yafe ko ɗaya. In ka fafe rami da kurfi za ka hure garin, ka rufe ido kafin ka hura. Ba a buga guduma a kan guduma, don ƙarfe mai tauri in ya haɗu da ɗan'uwansa ɓallewa yake. Kan kurfi in ya baje saboda duka, a goge shi da magagari kafin a sake taɓa shi. Mu a lokacin gani muke tsohon nan fitina ce kawai ke damunsa. Abin da ya fi faɗa mana a ido garin katako ne, shi kuma maganinsa na kusa. Akwai wata tsohuwa a unguwar masunta, Gwaggo Mariyama, wadda ke cire abu daga ido da harshe. Ta kurkure baki, ta buɗe maka ido da yatsu biyu, ta lasa sau ɗaya, ta tofar a tafin hannu ta nuna maka. Ni kaina ta yi mini ba sau ɗaya ba, kuma ban taɓa jin ta karɓi abin da ya wuce goro ba.

Tagogin wani mai hatsi ne aikin farko da na yi da mashin. Lokacin na riga na yi aure, na buɗe wurin aikina a gida, a wata rumfar kwano tsakanin zaure da ɗakin girki, kuran, wato wutar lantarki, kuma ya iso unguwarmu. Wani mai walda ya haɗa mini tebur mai zarto a tsakiya da inji a ƙarƙashi. Ina tura katakon maɗaci sai faifai ya ci karo da gaɓa. Na ji wani abu ya wuce ta gefen kunnena. Da na kashe mashin na duba, guntun gaɓar ya nutse a bangon laka, sai da wuƙa na tono shi. Na riƙe shi a hannu ina juyawa. Abin da ya shiga busasshen bango haka, me zai yi wa ido? Washegari na koma wurin mai waldar nan na ce ya samo mini farin tabarau na aiki, mai kauri, mai rufe har gefe da roba a baya. Unguwa ta samu abin dariya. Har yau akwai tsofaffin da ke ce mini Garba Kwaɗo, ni kuwa amsawa nake, don kwaɗon yana ganinsu sarai.

Kada wani ya nuna mini baƙin tabarau na 'yan zemijan, masu haya da babur, ya ce mini kariya ce. Wani ya taɓa zuwa da shi yana fahari, na aza shi a kan katako na ɗan taɓa shi da guduma, ya watse kamar ƙwan fitila. Wato in ƙarfe ya bugi wannan, ido zai karɓi ƙarfen, ya karɓi fasassun tabarau a kai. Na aikin ma yana da nasa ladabi. Ba a goge shi da gefen riga, don rigar kafinta cike take da gari da yashi, za ka kankare shi ne har ya yi hazo, daga nan ka fara ɗaga shi goshi don ka ga layin fensir, kuma a daidai wannan ɗagawar ake samun mutum. Da ruwa ake wanke shi. In zafin bazara ya sa ya yi gumi, ka kashe mashin, ka cire, ka share fuska, ka mayar. In ya tsufa ka jefar. Kun fi son ku sayi sabon murfin waya da ku sayi wannan.

Amma duk wannan mai sauƙi ne, idonka ne, kai ka sani. Abin da ya fi wuya a aikin gida shi ne mutane. A garin nan duk inda namiji ke aiki, wurin zama ne. Mai wucewa ya yi sallama ya zauna, mai jiran mota ya zauna, wanda matarsa ta dame shi ya zauna. Kuma ba a korar wanda ya zo wurinka. Lokacin aikin hannu ba komai, sassaƙe a gindin ƙafa yake zuba, kana aiki kana hira. Mashin bai san hira ba. Na juya teburina bakin faifai ya kalli bango, na kai bencin baƙi can cikin zaure, na gaya wa matata Hawa cewa in ta ji mashin na kuka, ko tukunya ce ke ƙonewa kada kowa ya gifta ta rumfa. Masu kawo aiki suna gunaguni, wai Garba ya sayi mashin ya fara jin kai. Na bar su da bakinsu.

Sai shekarar da kogi ya cika ya shigo gari. Ba a taɓa yi mana shekara irinta ba. Gidajen laka na bakin ruwa suka zube, shinkafa ta nutse a fadama, hanya ta lalace har manyan motocin katako suka daina hawowa daga kudu, ɗan wanda ya iso kuma sai mai hali. Ga mutane na son ƙofa da taga su koma gidajensu, ga babu itace. Sai kowa ya koma kan jiragen ruwan da ambaliya ta farfasa. Katakon jirgi itace ne mai kyau, ya sha ruwa ya sha rana har ya daina motsi, gara ma ba ta cika son sa ba. Illarsa ɗaya ce. Jirgi ba ya tsufa sai an yi masa faci sau da yawa, kowane faci kuma da ƙusa, da lanƙwasasshen ƙarfe, da guntun gwangwani, a bi da tsumma da kwalta a shafe. Kan ƙusa ya ruɓe ya faɗi, jikinta ya rage a ciki, itace ya rufe a kanta. Ido ba ya ganinta. Ni dabarata, in kankare kwalta tas, sannan in ɗauko maganaɗisun da na ciro daga lasifikar matacciyar rediyo, in ɗaura masa zare, in ja shi a hankali a kan katako ciki da baya. Inda ya yi nauyi ko ya karkata, in zagaye da alli in tono. Katako ɗaya kan ci mini rabin yini kafin ya ga faifai.

A cikin wannan hali surukina, mahaifin Hawa, ya aiko da jirginsa a amalanken jaki. Ba zan faɗi sunansa ba, bakina bai saba ba. Tsohon matuƙin jirgi ne, ya yi rayuwarsa yana tsallakar da mutane da buhuna tsakanin nan da ƙauyukan hayi. Ruwa ya ɗauki jirgin ya maka shi a jikin itace ya tsage, ya kuma rushe masa zaure. Yana son a fitar masa da ƙofar gida da benci biyu daga jikinsa. Hakiya ta daɗe da rufe masa idon hagu. Da na dama yake komai: da shi yake gyaran taru, da shi yake zuwa masallaci ba jagora, da shi yake gane jikokinsa tun daga nesa. Ido ɗaya ke gare shi a duniya, kuma kowa ya san haka.

Ranar da zan fara, ina fitowa na same shi a rumfa. Ya kifa turmin Hawa ya zauna a kai, dab da tebur, ta gefen da faifai ke jefo abu in katako ya yi tawaye. Tsayin turmi kuwa ya kawo fuskarsa daidai bakin zarto, kamar an auna. Ba rigima ya zo yi ba. Jirginsa ne, yana son ya ga yadda za a yanka shi. Yana shafa katakan yana faɗa wa iska tarihinsu, wannan daga wurin wane ya saye shi, wancan a shekarar kaza aka sa.

Kun san yadda muke da surukai. Ba na haɗa ido da shi, ba na cin abinci a gabansa, in zan gaishe shi sai na cire takalmi na durƙusa. Shi ma ba ya yi mini magana kai tsaye, sai dai ya ce, "A hwaɗa ma mai gidan ga kaza," ko da ina tsaye a gabansa. Ta yaya zan ce masa tashi? Na shiga ciki na tura Hawa. Ta durƙusa ta ce, "Baba, wai ka koma zaure, an shimfiɗa maka tabarma, wurin ga abu na tashi."

Ya yi dariya ya ce, "Ni da na yi tsaye gaban iskan kogi tun ba a haihe ki ba, garin itace za shi kore ni?"

Na ba ta tabarau na biyu da nake ajiyewa ta kai masa. Ya juya shi a hannu ya mayar mata. "Ki kai ma mai shi. Kwaɗo guda ya isa gida."

Na fara jan maganaɗisu a kan katako. Ya yi kallo na ɗan lokaci, sannan ya ce wa Hawa, "Mi shika nema? Ƙusa? A hwaɗa mishi ni na buga kowace ƙusa cikin jirgin ga da hannuna. In na ce wuri babu, to babu." Ya miƙa sandarsa yana nuna inda suke, kuma gaskiya ya san da yawa. Amma maganaɗisu ya kama wasu a inda bai nuna ba. Jirgin ya yi shekaru a hannun 'ya'yansa maza tun da ƙarfinsa ya ragu, su ma sun yi nasu facin ba su gaya masa ba. Na tono su a ɓoye na zuba a aljihu, don nuna masa daidai yake da ce masa ya yi ƙarya.

Ban kunna mashin ba. Na ɗauko zarton hannu na koma aikin Maigida Hamani. Katakon jirgi kuwa tauri gare shi kamar ƙashi. Na yi kwanaki ina ja, kafaɗa kamar za ta cire, aikin wasu na jibge yana jira, masu shi na zarya. Na gwada in riga shi da sassafe, amma daga masallaci rumfata yake wucewa, kuran kuma ba ya samuwa sai yadda ya ga dama. Tsoho ya gaji da jira. Gidansa na buɗe ba ƙofa, awaki na shiga, sanyi na ƙaratowa. Wata safiya, ga mutane uku ko huɗu a bakin zaure, ya ɗaga murya ya ce, "A tambayi mai gidan ga, mashin ɗin don baƙi anka saye shi? Ko aikin talaka ba a kunna mishi kuran?"

Jinina ya hau. Na ajiye zarto, na dube shi ido cikin ido, abin da ban taɓa yi ba, na ce, "Baba, tashi daga nan. Ido guda gare ka. In ka koma zaure yanzu-yanzu in kunna, ƙohwarka ta ƙare yau. In kana bisa turmin ga, wallahi ba ni kunnawa."

Ban zage shi ba, ban ɗaga hannu ba, amma a garin nan abin da na yi ya fi zagi. Na ce wa surukina tashi, na kuma ambaci nakasarsa a gaban mutane. Ya miƙe a hankali, ya kaɗe riga, ya fita. Kafin azahar amalanke ya zo ya kwashe katakan. Kafin la'asar an aiko Hawa ta je gida uwarta na nemanta, ba ta dawo ba sai bayan kwanaki, da ta dawo ma tuwo kawai take ajiye mini ta juya. A kasuwa labari ya zama na kori tsoho da sanda. Wani mai shago da ya ba ni aikin kantar shagonsa ya zo ya karɓe.

Wurin Sumana aka kai katakan, abokin koyon nan nawa. Shi ma yana da tebur irin nawa a gidansa, kuma kafinta ne na ƙwarai, hannunsa ya fi nawa laushi a aikin ado. Mutum ne mai sanyin hali, wanda bai iya ce wa kowa a'a ba. Na je na same shi da magariba, na zazzage masa ƙusoshin da ke aljihuna a kan tebur. Na ce, "Waɗanga duk daga inda ya ce babu na hiddo su. Ga maganaɗisu, ga tabarau. Don Allah kak ka kunna shina kusa."

Ya ce, "Garba, kai da kake surukinai ka gwada, ka ga abin da ya biyo baya. Ni a wa? Dattijo ya zaka gidana in ce mishi tashi?"

Na ce, "To ka ja da hannu."

Ya ce, "Sai yaushe in ƙare? In sha Allahu ba abin da za ya hwaru. Ina kiyayewa."

Na ce masa Maigida da yana raye da ya karya masa ƙwauri. Ya yi murmushi ya raka ni bakin ƙofa.

Abin da ya faru Sumana da kansa ya faɗa mini daga baya. Ya sa tabarau, shi kam ya sa. Ya ja maganaɗisu a kan yawancin katakan. Sai suka zo kan wani dogo daga cikin jirgi, wanda za a yi tsakiyar ƙofa da shi. Tsoho ya aza hannu a kai ya ce wannan bai taɓa ganin faci ba, shi ya fi kowane lafiya. Yana zaune a kujera 'yar tsugune yana kallo. Sumana ya ji nauyin ya ja ƙarfe a kan katakon da dattijo ya gama yi wa shaida. Ya ajiye maganaɗisun, ya kunna, ya tura. Faifai ya yi ƙara, tartsatsi ya tashi, haƙorin zarto ɗaya ya ɓalle. Tsoho ya dafe idonsa na dama ya ce, "Wani abu ya shiga."

Ina cikin aiki aka zo aka faɗa wa Hawa, ta yi ihu, muka fita tare. Mun same su a gidan Gwaggo Mariyama, don nan kowa ya sani. Kafin su isa can an riga an hura masa ido, an zuba ruwa, shi kuma ya murza da gefen rawani iya ƙarfinsa. Tsohuwar ta tsufa ƙwarai a lokacin, amma hankalinta na nan. Ta buɗe idon, ta duba, ta saki. Ta ce, "Wanga ba na halshe ba ne. Ya wuce ciki. Ku kai shi likita, kuma kowa ya ɗauke hannunai." Babban ɗan surukina ya fara cewa a bari a ga kwana, wai likita cire ido suke, akwai wani mai magani a Madekali. A nan na manta da wata kunya. Na yi masa tsawa a gaban uwarsa, na yanke gindin kofin roba na kifa a kan idon na ɗaure da ƙyalle don kada wani abu ya sake danna shi, na tare mota. A likitan gari, wato asibitinmu, suka duba suka ce aikin ya fi ƙarfin kayan da ke hannunsu, mu wuce Faraku. Muka kama hanya a kan wannan lalatacciyar kwalta, ta Gene, ta Kandi, tsoho na tsakanina da ɗansa. Sun yi iya ƙoƙarinsu a can, sun ciro ƙarfen, ɗan mitsitsi kamar ƙwayar gero. Idon dai bai dawo ba.

Yanzu ku ji abin da har gobe ke tafasa mini zuciya. Da muka dawo aka yi ta zuwa jaje, kowa na cewa ƙaddara. Na yarda da ƙaddara, ni Musulmi ne. Amma ƙaddara ba ta hana a matsar da kujera ba. Sumana kuwa ba wanda ya ga laifinsa, yaro mai ladabi, ya girmama dattijo, tsautsayi ne. Ni fa? A bakin masallaci na ji da kunnena wani na cewa da Garba bai wulaƙanta tsoho ba, da bai je wurin Sumana ba balle abin ya same shi. Wato ni ne na tsone masa ido! Wanda ya yi shiru ya bar mutum ya makance shi ne mai tarbiyya, wanda ya buɗe baki shi ne marar kunya. Ba na ƙin Sumana. Ya sayar da teburinsa a wannan shekarar, ya koma gyaran kujeru da hannu, kuma har ya rasu bai sake bin layin gidan tsohon ba. Abin da nake ƙi shi ne wannan ladabin namu da ke iya kallon mutum yana zaune a bakin halaka ya ce masa sannu da hutawa.

Shi ya sa in na shigo gidajenku na yi faɗa, kada ku ce tsufa ne. Sa tabarau a ido, wannan rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne bakinka. In ba za ka iya duban wanda ya haife ka, ko limamin unguwa, ko uban matarka, ka ce masa ya matsa ba, to ka mayar da mashin inda ka sayo shi ka nemi wata sana'a. Za su ji haushi. Za a yi da kai a kasuwa. Ka bar su su ji haushin suna kallonka.

Ƙofar ni na ƙarasa ta. Na aika aka kwaso katakan daga gidan Sumana, na bi su ɗaya-ɗaya, na haɗa, na kai na kafa ba tare da na nemi ganin kowa ba. Bayan sanyi ya wuce, wata safiya ina tsaga katakon wani gado, sai na ga inuwa a bakin zaure. Na kashe mashin. Hawa ce riƙe da kan sanda, mahaifinta na riƙe da ɗaya kan yana biye da ita, yana laluben ƙasa da ƙafa. Na cire takalmi na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa. Ya ce ya shafa ƙofar, ta yi, ba ta kuka in an buɗe. Hawa ta ja shi za ta kai shi benci a zaure, sai ya tsaya, ya saki sandar, ya miƙa hannu yana lalube har ya taɓa gefen teburina. Ya juyo da fuskarsa wajen da ya ji numfashina.

Ya ce, "Garba, kunna abinka in ji. Yanzu dai ina iya zama kusa, ko? Ba sauran abin da za shi ɗauka."

Hawa ta toshe baki da gyale ta shige ɗaki. Ni kuwa na tsaya da tabarau a fuska, hannuna a kan makunni, na kasa dannawa.